An Sallame Shi

Kalma uku kacal na rubuta, ina tsaye a barandar asibiti da ledar magunguna a hammata: "An sallame shi." Na tura wa Mama Wuta, shugabar matan addu'a ta cocinmu, don kada su kwaso ƙafa su zo dubiya su tarar da wani a gadon. Ban ƙara ko harafi ba, domin a lokacin ko sunana aka tambaye ni sai na tsaya tunani. Da na san abin da kalmomin nan za su haifa, da na jefa wayar a kwata na huta.

Abin da ya faru kafin nan, likita ne ya kira mu ofishinsa, ni da maigidana. Ya ba mu kujera, ya tura ƙofa, ya cire tabarau ya ajiye a tebur. Duk wanda ya taɓa jinya ya san in likita ya cire tabarau, ba albishir zai yi ba. Ya ce ciwon dajin da ke hantar ya bazu, aiki ba zai yiwu ba, allurar da ake yi masa ma wahala kawai take ƙara masa.

"Za mu sallame ku, Mama," in ji shi. "Ku koma gida. Duk abin da ransa ke so ki ba shi. Ga maganin da zai rage masa zafi."

Maigidana ya miƙa masa hannu ya yi godiya, har da tambayar lafiyar iyali, sai ka ce ƙarin girma aka yi masa a wurin aiki. Haka yake. Shekara da shekaru yana tuƙa motar makaranta, yara na ihu a bayansa, suna amai a kujera, suna manna cingam a taga, bai taɓa dawowa gida da ɓacin rai ba. In yaro ya makara ba ya tafiya ya bar shi. Zai tsaya yana kallon madubi har ya hango shi a guje da takalmi a hannu, ya buɗe ƙofa ya ce, "Shigo, mota ba ta tashi ba." Kowa Direba yake ce masa, har ni in na so tsokana. Faɗan gidanmu kuwa duka ni nake yi, nawa da nasa, kuma ban taɓa gajiya ba.

Kafin motar haya ta sauke mu a ƙofar gida, wayata ta ɗauki zafi. Mama Wuta ta saki saƙon murya a guruf ɗin mata. Sunan nan ba a banza ta same shi ba. Ba ta iya addu'a sai ta kira wuta, ko abinci aka ce ta sa wa albarka sai ta ƙona maƙiyan da suka ɓuya a tukunya. "'Yan'uwa, ku yabi Ubangiji!" take cewa tana haki. "An sallami Baba Direba! Likitoci sun sha mamaki! Shaiɗan ya sha kunya! Ni dama an nuna mini a mafarki!" A ƙasan saƙon halleluya ce jere kamar shanya, da hotunan hannuwa suna tafi. Ban san wane likita ne ya sha mamaki ba. Wanda na gani dai goge tabarau yake yi yana kallon ƙasa.

Na rubuta musu cewa ba haka ba ne, an sallame shi ne don ba sauran abin da za a yi. Saƙona ya faɗa tsakanin halleluya da halleluya ya nutse. Mace ɗaya ce ta amsa, ta ce, "Amin! Ba sauran abin da za a yi, Yesu ya gama aikin!"

Ba tun yau nake shan hikimar 'yan'uwa ba. Tun da ciwon ya kwantar da shi suke kawo mana ita a asibiti, kyauta. Wani dattijo ya zauna a bakin gado ya ce a bincika ko akwai tsohon zunubin da ba a furta ba, alhali mutumin nan babban laifinsa gyangyaɗi ne lokacin wa'azi. Wata ta ja ni gefe ta tambaye ni ko akwai rigima a dangi. Na ce akwai, ni ce ma mai yin ta, kuma ga ni garau. Wani ya ce gwaji ne, wanda ake ƙauna shi ake gwadawa. Na ce a raina, to a ɗan rage ƙaunar mana mu samu mu runtsa. Kowa da ayarsa a baki, kowa ya san dalili. Ni da nake zubar da kwanon amai ce kaɗai ban sani ba.

To yanzu da ya "warke", sai ƙafa ta ɗauke. Ranar Lahadi aka cire sunansa daga cikin marasa lafiyar da ake yi wa addu'a, aka yi tafi. Shugaban masu tarbar jama'a ya aiko a tambaya yaushe zai koma tsayuwa a ƙofar coci, wai sun yi ƙarancin mutane. Shi kuwa yana kwance a ɗaki, idonsa ya yi rawaya, wandonsa sai an ɗaure da igiya, yana kasa kunne duk lokacin da aka taɓa ƙofa. Na san mutane yake jira.

Duk wannan mai sauƙi ne. Babbar ɓarnar a kan Auta ta faɗa.

Auta 'yarmu ce, ita ce ta fari ita ce ta ƙarshe, muna ce mata Auta ne don kada a ce gidanmu ba auta. Tana aiki a wani gari mai nisa, sabon aiki, wurin da samun hutu ya fi cire haƙori wuya. Da ƙyar da roƙo ta samu izinin zuwa ganin ubanta. Sai saƙon Mama Wuta ya riga ni isa wayarta. Ta tashi da murnarta ta je ta mayar da izinin, ta ce a ajiye mata shi zuwa ƙarshen shekara, lokacin da za a yi babbar sujadar godiya. Ƙarshen shekara fa. Likita ko ƙarshen wata bai yi mana alkawari ba.

Shagon wanki da guga nake da shi a gaban gidanmu, labule ne kawai tsakaninsa da falo. A nan na kira ta. Sai da na kashe dutsen guga tukuna, don kada in ƙona rigar mutane.

"Auta, ki saurare ni da kyau. Babanki bai warke ba. Cewa aka yi mu kawo shi gida."

"Haba Mama, don Allah. Fasto da kansa na kira, ya ce maganar likita daban, maganar sama daban. Ke kullum sai kin hango mugun abu. Ba ni Baba."

Na kai masa wayar, na tsaya a kansa na riƙe ƙugu.

"Baba, yaya jikin?"

"Da sauƙi, Autata. Da sauƙi sosai."

Na ji kamar in fizge wayar in maka masa. Mutumin nan ko mota ce ta bi ta kansa, ka leƙa ƙarƙashinta ka ce yaya jiki, da sauƙi zai ce maka. Suka yi ta hira, tana ba shi labarin shugabanta mai tsamin baki, yana dariya yana dafe ciki. Da suka gama ya miƙo mini wayar bai dube ni ba.

"Na buɗe baki in faɗa mata," ya ce, "sai na ji tana dariya. Kin san rabona da jin dariyarta?"

Na sani, shi ya sa na koma shago na huce a kan kwalar rigar wani bawan Allah.

Washegari Mama Wuta ta kawo fararen kayanta a goge mata, a sa sitati sosai, wai ranar Lahadi akwai rawa. Na jingine dutsen guga na ce, "Mama, zauna in gaya miki abin da likita ya faɗa da bakinsa. Ya ce mutumin nan ba zai…"

"Kul!" Ta toshe mini baki da tafin hannunta mai ƙanshin man zaitun. "Tofar da yawun nan! Kada ki soke mu'ujiza da harshenki, Maman Auta. Abin da kika furta shi kike samu."

"Shekara nawa ina furta injin wanki, har yau da hannu nake dirza."

"Kin ji ko? Rashin bangaskiya ke nan."

Na ce ta shiga ta gan shi da idonta, ai ga ɗakin nan. Ta ce ido yana ruɗin mai bi, ita ta riga ta gani a ruhu. Ta dai ɗaga labule kaɗan ta ɗaga murya, "Baba Direba, yaya ƙarfin jiki?" Daga ciki aka amsa, "Da sauƙi, Mama." Ta yi mini kallon wadda ta ci shari'a, ta gyara ɗankwali ta fita.

Bayan kwana biyu Fasto ya zo da farar kwat ɗinsa a leda, a goge masa. Matashi ne, ba mugu ba, yana da murya mai daɗi, kuma tun da aka kawo shi cocinmu bai taɓa binne wanda ya sani ba. Shi ya shiga har ɗaki. Na ga idonsa ya sauka a wuyan hannun Direba, ya yi maza ya ɗauke shi ya mayar kan hoton aurenmu da ke bango. Ya gani sarai. Amma ya riga ya sanar da warkewar daga bagade, a gaban coci guda, kuma kamar yadda na lura, maganar da aka faɗa ta makirfo ba ta da giyar baya.

"Baba, ranar Lahadi muna so ka ba da shaida," ya ce wa hoton. "Ikkilisiya tana bukatar ƙarfafawa. An daɗe ba a ga irin wannan ba."

"Shaidar me?" na ce. "Fasto, ka dube shi mana. Ga shi nan a gado, ba a bango yake ba."

"Mama, murmurewa takan ɗauki lokaci."

"Zan zo," in ji Direba. "Har yanzu ana nuna sujada kai tsaye a waya?"

"Ƙwarai, Baba. Har daga ƙasashen waje ana kallo."

Ƙasashen wajen nan ƙanwar matar Fasto ce, amma ban tona ba, don haushin maigidana ya fi ƙarfin na Fasto a lokacin. Na ɗauka zai je ne ya ce wa coci guda da sauƙi.

Ranar Asabar da yamma na fito da kwat ɗinsa ta zuwa coci. Da ya sa ta, sai ka ce a ƙusa aka rataye. Na durƙusa ina kama ta da fil ta baya, bakina cike da fil, abin da ya sa na yi shiru na ɗan lokaci. Shi kuma ya ga dama ta samu.

"Maman Auta, na lura kin daina addu'a."

Na zare fil ɗin daga bakina. "Gaba muke yi."

"Da wa?"

"Da wanda ka sani. Shekara nawa kana tsaye a ƙofar gidansa, ruwa da rana, kana ce wa mutane sannunku da zuwa? Ga masu cin amanar marayu can suna ta ƙiba, wuya har ya ninku. Kai kuma ga ladanka. Ba ni da abin da zan ce masa."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, ya dafa kafaɗata har ya lafa.

"To, madalla. Na ɗauka cewa za ki yi ba ya nan. Ai ba a gaba da wanda ba ya nan."

"Kada ka yi mini wa'azi, ga fil a hannuna."

"Lokacin da kika yi gaba da ni a kan labulen falo, abincina bai taɓa makara ba. Kina dangwarar da kwanon, amma kina kawowa."

"Kai wai ba ka jin haushi ne? Ko sau ɗaya ka ce wayyo mana, in san da mutum nake zaune."

Ya zauna a bakin gado a hankali, don tsayuwar ta ishe shi. "Haushi ya wuce. Tsoro nake ji, musamman da asuba. Na roƙe shi ya bar ni in ga auren Auta. Na roƙa har na gaji. Bai ce mini komai ba."

"To me ya rage?"

"Shi ya rage."

Na ce masa wannan ba amsa ba ce. Ya ce ya sani. Sai na kifa kaina a gwiwarsa, gwiwar da ta zama ƙashi zalla, na yi kukan da ban yi a asibiti ba. Tsoro nake ji ni ma. Ina tsoron gidan nan ba shi, ina tsoron ranar da zan yi faɗa ba mai yi mini dariya. Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya ce in tashi, fil yana sukar sa a baya.

Ranar Lahadi coci ya cika har waje. An ɗaura balan-balan a bagade. An kafa wayar da ke nuna sujada a kan sandarta, tana kallon gaba. Da muka shigo, yana dafe da hannuna, aka ce a tashi a yi wa Ubangiji tafi. Na layin baya su suka fara ganin sa, tafinsu ya mutu a hannu. Na gaba ba su gani ba tukuna, suna ta rafkawa. Haka muka yi ta tafiya muna kashe tafi layi bayan layi har muka kai gaba.

Fasto ya sha farar kwat, gugar hannuna, ba ko lanƙwasa. Ya yi gabatarwa mai tsawo, ya ce yau za mu ga abin da ya gagari kimiyya. Ya miƙa wa Direba makirfo. An kawo kujera, ya ƙi zama, ya jingina da ni.

"Ku yabi Ubangiji," ya ce.

"Halleluya!"

"'Yan'uwa, gaskiya ne, an sallame ni."

Mai piyano dama kalmar yake jira. Ya saki kiɗa, ganga ta ɗauka, Mama Wuta ta yi tsalle ta faɗo fili, sitati yana ƙara, mata suka bi bayanta da guɗa. Direba ya bar su suka ɗan zaga, sannan ya ɗaga hannu yadda yake yi wa yara ta madubi.

"Ku zauna tukuna. Ba a tsayuwa mota na tafiya."

Aka yi dariya aka zazzauna.

"An sallame ni ne don likitoci sun kai iyakarsu. Ban warke ba. Mutuwa zan yi, kuma ba da daɗewa ba."

"Mun ƙi!" Mama Wuta ta miƙe zumbur. "Mun ƙi cikin sunan Yesu! Wuta!"

Wasu suka taya ta ƙi, amma da rabin murya, don suna ganin wuyansa yana iyo a cikin kwala. Fasto ya matso da murmushi, ya miƙo hannu wajen makirfon yana cewa, "Abin da Baba yake nufi shi ne…" Na kama hannun kwat ɗin.

"Fasto," na ce a hankali, ban san makirfon yana ɗauka ba, "kwat ɗin nan wurina za ta dawo. Ka taɓa abin nan, ka ga yadda ake mance dutsen guga a kan farin yadi."

Duk coci ya ji, har ƙasashen waje. Ya janye hannunsa.

"Mama, kin ƙi, na gode," in ji Direba. "Ni ma na ƙi. Na ƙi da azumi, na ƙi da kuka. Sai na ga ƙin nawa ba abin da ya canza, barci kawai ya hana ni. To na sallama. Ba ga ciwon ba, ga wanda ya yi ni."

Ya tsaya ya yi numfashi. Ina jin nauyinsa yana ƙaruwa a kafaɗata, ɗan nauyin da ya rage.

"Kun ce in ba da shaida. Ta warkarwa dai ba ni da ita. Abin da na sani, da asuba in zafin ya taso na kira shi, zafin ba ya tafiya. Amma ba ni kaɗai nake zama a cikinsa ba. Ban iya bayaninsa ba. Matata ma ta ce ba amsa ba ce, kuma kun san ta, ba a ja da ita." Wasu suka yi dariya suna share ido. "Abu ɗaya nake roƙo. Tun da na warke ba wanda ya zo gaishe ni. Ku zo mana. Ku zo mu yi sallama tun ina gane fuskokinku."

Sai ya juya ya fuskanci wayar nan da ke kan sanda. A nan na gane abin da ya kawo shi, ni da nake ganin na fi kowa wayo a gidan.

"Auta, in kina kallo. Na ce miki da sauƙi. Ba gaskiya na faɗa miki ba, ki yafe mini. Ki zo."

Mai piyano ya ɗora hannuwansa a cinya. Fasto ya karɓi makirfon ya ce mu yi addu'a, ya buɗe baki, ba abin da ya fito sai kuka. Ya tsaya a gaban jama'a yana shessheƙa cikin farar kwat. A duk addu'o'in da na ji daga bakinsa, ita ce wadda na ce wa amin da zuciya ɗaya.

Tun daga yammacin ranar gidanmu bai rabu da mutane ba. Dattijon nan mai binciken zunubi ya zo ya zauna ya riƙe hannun Direba, bai binciki komai ba. Tsofaffin yaran motarsa suka zo, wasu da gemu, wasu da goyo. Fasto ya kawo gurasa da ruwan inabi na Jibin Ubangiji har bakin gado, ya gama ya zauna shiru, kuma shirun ya yi masa kyau. Mama Wuta ta zo da tsohon zane, ba ta shiga ɗakin ba. Ta kwashe zannuwan gadon da suka ɓaci ta wuce bakin famfo a bayan gida, tana dirzawa tana cewa "mun ƙi" ƙasa-ƙasa. Na buɗe baki zan yi magana, sai na tuna nata mijin ma irin wannan sallamar aka yi masa. Na miƙa mata sabulu.

Amma Auta shiru. Na kira, waya a kashe. Na sake kira, a kashe. Ban san ko ta kalli sujadar ba, ko ta kalla ta yi fushi, ko an hana ta izinin da ta mayar da hannunta. Shi kuwa shaidar nan ta kwashe ɗan ƙarfin da ya ɓoye. Litinin ya daina karɓar ko shayi. Talata da safe na ce masa yaya jikin, bai ce da sauƙi ba. Kalmar da na yi ta jin haushinta, ranar da na so in ji ta ban samu ba.

Da rana na bar mutane a falo na shiga shago na ja labule. Na ɗauko rigar filonsa ina gogewa, abin da ba wanda ya sa ni. Na goge gaba, na goge baya, na sake juyawa.

"Ba shiri na zo yi ba," na ce wa wanda nake gaba da shi, ban ko rufe ido ba. "Kuma ba warkarwa na zo roƙo ba, wannan na ga ka yanke. Yarinyar nan ce. Ka kawo ta yana gane ta. In kuma ba ka kawo ta ba…"

Na tsaya, don ban san ƙarshen maganar ba. Ba ni da barazanar da zan yi masa, shi ba ya kawo mini kwat.

"In ma ba ka kawo ta ba, ina zan je? Kai ɗin ne dai."

Ba murya daga sama, ba komai, sai hucin dutsen guga. Na ninke rigar filon na koma ciki na zauna kusa da shi ina jiƙa masa leɓe da auduga. Idonsa a rufe, numfashinsa yana tafiya yana tsayawa. Rana ta sauka daga taga ta koma bango.

Kada wani ya sa ni ba da shaida a kan abin da ya biyo baya. Daga baya na ji cewa tun ranar Lahadi yarinyar take hanya, ba izini ba caja, motarsu ta lalace a daji. Ta taso tun kafin in buɗe baki. Wannan lissafin na bar wa masu sanin dalili.

Abin da na ji da kunnena shi ne sallama a ƙofar shago, da wata murya da ta dishe. Na leƙo falo. Auta ce tsaye a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa, ba ta shigo ba. Takalman da suka taru a ƙofar take kallo, na maza da na mata, tuli guda. Ta san irin gidan da takalma ke taruwa haka. Ta sake yin sallama. Mutanen falo duk suka dube ni, ni kuma, mai bakin da bai taɓa mutuwa ba, na nemi kalma na rasa.

Daga cikin ɗaki aka amsa, a hankali, amma kowa ya ji.

"Shigo, Auta. Mota ba ta tashi ba."